Waya ko kyamara: wacce ta fi dacewa da hoton sujada?

'Yar'uwa, kin ce hotunan da kike ɗauka wa coci suna fitowa da duhu, mawaƙa kuma dishi-dishi, kina tambaya ko ki sayi kyamara ko ki ci gaba da waya.

In kina kusa, kuma akwai hasken rana, waya ba ta da laifi. Gaishe-gaishe a bakin ƙofa bayan an tashi, yara da malamarsu, ango da amarya a tsaye, duk za ta yi. Ba ta jan ido, kuma kafin jama'a su isa gida kin riga kin tura. Inda take gazawa shi ne nisa da motsi. Zuƙowar nan da ake yi da yatsu biyu, galibi yanke hoton kawai take yi ta faɗaɗa shi, shi ya sa fuskar fasto daga kujerar baya take fitowa a dame. Tsarin ɗaukar dare kuwa yakan ci daƙiƙa 2 ko 3 yana haɗa hotuna da yawa wuri guda. Bagade zai yi kyau tunda ba ya motsi, amma hannun mai kaɗa ganga sai dai ki neme shi ki rasa.

A nan kyamara take da bakin magana, don faifan da ke kama haske a cikinta ya fi na waya girma nesa ba kusa ba. Ki sa saurin ƙyaftawarta a 1/125 na daƙiƙa ga mai wa'azi, 1/250 ga mawaƙa masu tafi, ki buɗe gilashin zuwa f/1.8 ko f/2.8 (ƙaramar lamba ta fi shigar da haske), ISO kuma, wato ma'aunin ƙara wa hoto haske, ki bar shi ya hau har 3200 ba tare da fargaba ba. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, irin wanda hawan ISO ke kawowa, ya fi wanda ba a gane fuska. Sai dai ga nauyi, ga ƙas-ƙas ɗinta da ke fita sarai lokacin da kowa ya sunkuyar da kai. In kika kashe ƙarar, wasu fitilun LED da allon majigi sukan sa hoto ratsi-ratsi. In haka ta faru, rage saurin zuwa 1/100 inda lantarki yake 50Hz (wato yana juyawa sau 50 a daƙiƙa), ko wajen 1/120 inda yake 60Hz.

Akwai abin da ba ruwansa da wadda kika riƙe. Filasha dai a kashe ta: ta waya da ƙyar take wuce mita 2 zuwa 3, keyar na gabanki kawai za ta haska, ta kuma katse wa mutane addu'a. Tagar da ke bayan mumbari ita ce ke mai da mai wa'azi baƙi ƙirin, don haka ki koma gefe yadda hasken zai faɗo a fuskarsa, ko ki taɓa fuskar a allon waya kafin ki ɗauka. Lokacin Jibin Ubangiji, ko wani yana kuka cikin addu'a, ni dai sauke hannu nake yi. Hoton yara kuma sai da yardar iyaye kafin ya hau Facebook.

In sujadar safe ce kuma a WhatsApp hotunan za su ƙare, riƙe kuɗinki, ki roƙi masu tsara zama su ba ki kujerar gefe a layi na biyu. In kuwa akwai sujadar dare da hotunan da za a buga manya, nemi kyamara ko da ta hannu ce, ki haɗa ta da gilashi mai 50mm f/1.8.