Kwas ɗin kodin na ciwon tiyata da ya ƙi warkewa, ga yadda na same shi

Gaskiya kwas ɗin nan na onlayin kan kodin, wato mayar da rubutun likita zuwa lambobin da inshora ke biya da su, ya yi, amma fa ba na kowa ba ne. In ba ka taɓa buɗe littafin lambobin cututtuka na ICD-10-CM ba kar ma ka soma, malamar ba ta tsayawa koyar da abacada, kuma komai a kan tsarin Amurka yake, inda suka koma wannan littafin tun 1 ga Oktoba 2015 kuma kamfanin inshora ba ya sakin ko dala sai lambar da ka saka ta yi daidai da abin da likita ya rubuta.

Darasi na biyu shi ne ya biya ni kuɗina wallahi. Rubutun likitoci uku ta ɗora a sikirin, duk ciwon aikin ciki ne, in da ido za ka bi sai ka rantse abu ɗaya ne. Na farko likita cewa kawai ya yi ciwo bai warke ba, bai ce ya buɗe ba bai ce ƙwayar cuta ta shiga ba, to wannan T81.89XA zai tafi, kamar yadda mujallar Coding Clinic ta faɗa tun 2014. Na biyu an rubuta ɗinki ya ɓalle fata ta dare, shi kuma T81.31XA. Na uku likita da hannunsa ya rubuta cewa wurin ya kamu da ƙwayar cuta, sai ka duba zurfi, in sama-sama ne T81.41, in ya kai tsoka T81.42. Ta yi ta nanatawa har sai da ya ishe ni, wai ko nas ta rubuta ana ganin mugunya da wari kai mai kodin ba likita ba ne, ba ka da ikon yanke hukunci, tambaya za ka tura wa likitan a rubuce ya fayyace da kansa ko matsalar daga tiyatar ta taso. Kuma gaskiyarta ne, nan ne mutane ke cin tuwo da miyar da ba tasu ba.

Harafin ƙarshe na lambar ma ta warware shi tsaf. A ba ya nufin zuwan farko, yana nufin ana kan maganin matsalar gadan-gadan ko da zuwa na biyar ne, D kuma sai an shiga lallaɓawar warkewa. Sannan ɗinkin haihuwa ta siyes in ya buɗe ba ya shiga T81 sam, O90.0 ne gidansa, dungun ƙafar da aka yanke kuma T87.81.

Inda ta ba ni haushi ɓangaren kankare ruɓaɓɓen nama ne, alhali nan kuɗin yake. A guje ta wuce lambobin aikin kankarar, 11042 na kitse, 11043 na tsoka da 11044 na ƙashi, jimla ɗaya tak ta yi a kan cewa abin da aka cire ake bi ba zurfin ramin ba, wato ko ƙashi ana hangowa in kitsen ƙarƙashin fata kawai aka kankare 11042 ne, kuma kowace lamba murabba'in santimita 20 na farko take ɗauka, abin da ya haura sai lambar ƙari. Wannan ai misalai yake so ba karantowa ba. Bidiyon ma sun kwana biyu, har yanzu tana kiran T81.32XA na ɓallewar ɗinkin can ciki alhali tun Oktoba 2024 aka rarraba shi zuwa T81.320 da 'yan uwansa, kuma sautin wasu darussan sai ka manna iyafis.

Takardar da suka bayar ta tunatar da likita kam ina amfani da ita kullum, shafi ɗaya ce, tsawo da faɗi da zurfi a santimita kafin kankara da bayanta, irin naman da aka cire, kayan aikin da aka yi da shi, sai ko maras lafiyar na da ciwon suga ko yana shan taba. In za ka saya ka tanadi littafin bana a gefe, ka riƙa duba duk lambar da ta kira.