Ruwan narkar da ƙanƙarar jirgin sama: Type I ko Type IV?

Type I ruwa ne tsinkakke, launin lemu, ana fesa shi da zafi, kusan digiri 60 na Celsius, ya wanke ƙanƙarar da ta kama fukafukai. Sai dai kariyarsa ba ta daɗewa: idan raɓa ce ke daskarewa, minti 45, dusar ƙanƙara kuwa, 'yan mintuna.

Type IV kore ne, mai kauri, yana manne wa fiffike don hana sabuwar ƙanƙara kamawa, kuma a kan raɓar kariyarsa takan kai awa 12. Amma fa sai jirgi mai gudun tashi sama da not 100 (kusan kilomita 185 a awa) ke iya kakkaɓe shi daga fiffike yayin tashi.

Lissafin lokacin kariyar yana farawa ne daga somin feshin ƙarshe. A ganina, matuƙin da zai daɗe a layin jiran tashi ya nemi duka biyun, kuma ya duba fiffike kafin tashi.