Na'urar auna aikin zuciya kafin ƙarin ruwa: wacce za ka saya?

A ɗakin masu tsananin jinya, kusan rabin waɗanda jininsu ya faɗi ne kawai ƙarin ruwa ke ƙara wa zuciyarsu aiki. Sauran kuwa, sau da yawa huhu ruwan yake tafiya. Shi ya sa kafin a rataya wata leda ake so a san yawan jinin da zuciya ke tunkuɗowa, ba tare da an zura bututun Swan-Ganz cikin jijiya ba kamar yadda ake yi tun 1970.

In da kuɗin a hannuna suke, na'urar eko mai Doppler zan saya, wato mai nuna hoton zuciya da gudun jini ta hanyar sauti. Ka ɗora kanta a ƙirji, ka auna gudun jinin da ke fita zuwa babbar jijiya, abin da muke ce wa VTI. Sai ka kwantar da majinyacin da ke kishingiɗe, ka ɗaga ƙafafunsa digiri 45, jini kamar mililita 300 ya gangaro zuwa zuciya. In awon ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari a minti guda, ruwa zai yi masa amfani. Ka sauke ƙafa jinin ya koma, ba ka zuba masa ko ɗigo ba. Ga shi idonka na kan zuciyar kanta, ka ga ko ta raunana ko ruwa ya kewaye ta. Sai dai tana buƙatar hannun da ya koya, kuma ba ta kwana tana awo.

Na'urorin da ake manna takardunsu a ƙirji suna auna lantarki, ruwan huhu na ruɗa su.

Zoben yatsa mai hura iska yana auna hawan jini, dabarar Peñáz ta 1973, shi ya taɓa ƙona ni. Wata baiwar Allah mai cutar jini, yatsunta sanyi ƙalau saboda noradirenalin, maganin ɗaga jini mai matse jijiyoyi, na bi lambar allo na yi ta ba ta ruwa. Da asuba numfashinta sama-sama, huhu ya cika.

To, hattara da dillalai. Tambayi kuskuren awon na'urar in an kwatanta awonta da na bututun Swan-Ganz. Tun 1999 ma'aunin binciken Critchley ya ce kada ya wuce kashi 30. Tambayi a kan wa aka gwada, domin lambar mai lafiya a ɗakin tiyata ba ta wanda ke kan gargara ba ce. Wasu na sayar da tsohuwa da aka goge a matsayin sabuwa, wasu su kawo jabun takardun mannawa, ko waɗanda wa'adinsu ya wuce, gam ya bushe. Kada ka sa hannu sai sun bar maka ita mako biyu, ka gwada ta a kan mai yatsu masu sanyi.