Lauyan da ya lissafa min diyyar ƙafata bayan mota ta buge ni

Wata tara kenan da mota ta kwashe ni ina tsallaka titi da magariba, ƙashin ƙwauri ya karye gida biyu sai da aka sa ƙarfe. Ni tela ne kuma ƙafar dama ce wadda nake taka keke da ita, to kun ga ba ƙafa kaɗai aka karya ba har da abincina.

Ko sati uku ban yi a kwance ba mutumin inshorar direban ya kira da tayin kuɗi wai in sa hannu a wuce wurin, wallahi saura kaɗan in karɓa don bashin asibiti ya sha min kai. Ƙanwata ce ta kafe sai an ga lauya, shi ne muka je wani ofishi da ke aikin diyyar hatsari, kuma a kansu nake wannan rubutun.

Abin da ya fara kwantar min da hankali, lauyan bai yi min alƙawarin zan samo maka kaza ba. Ya karanta takardar inshorar ya ce, "Malam, in ka sa hannu a nan ka rufe ƙofa, ko gobe likita ya ce sai an sake aiki babu mai ƙara maka ko sisi." Sai ya ɗauko farar takarda ya ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya abin da ake iya ƙirgawa da rasit, kuɗin tiyata, magani, hoton ƙashi, gashin ƙashi, kuɗin motar zuwa asibiti, da abin da na rasa a shago. Ɗaya gefen kuma wahalar da babu rasit ɗinta, zafin ciwo, rashin barci, ɗingishin da zai iya zama min na dindindin, ya ce wannan rahoton likita ne ke ɗaga shi ko ya kwantar da shi, shi ya sa ba a gaggawa sai likitan ƙashi ya faɗi inda ƙafar za ta tsaya.

Na ce Barista ni fa ba ni da takardar albashi, ya ce kawo littafin awon kwastomomi da alat ɗin banki. Tsohon littafin nan da duk ya sha man keke, yarinyar ofishinsu ta zauna ta bi shi shafi shafi ta fitar da abin da nake samu a wata. Har yau abin yana taɓa min zuciya.

Bai kuma ɓoye min inda nake da rauni ba, don ba a kan layin masu tafiya a ƙasa na tsallaka ba. Ya ce in aka ɗora min kashi 20 na laifin to kashi 20 za a zabge daga diyyar, sai dai rahoton 'yan sanda da wani mai shago da ya ga komai sun nuna direban gudu yake ko fitila bai kunna ba.

Inda suka ɓata min rai waya ce. Sai ka kira sau uku huɗu ba a ɗauka ba, akwai lokacin da na yi sati biyu ban san ina aka kwana ba, ga mutum a kwance da tunani. Sannan kason da za su cira mun rubuta tun ranar farko, amma kuɗin rahoton likita ashe daban yake, sai daga baya na sani, ya kamata a faɗa wa mutum ɓaro ɓaro tun farko.

An sasanta ba a je kotu ba, kuma abin da aka biya ya fi tayin farko nesa ba kusa ba. Tauraro 4 cikin 5 na ba su, ɗayan wayar ce ta cinye. Wata mai zuwa za a cire min ƙarfen, kuma kuɗin wannan aikin yana cikin lissafin da ya yi a farar takardar nan tun ina kan sanda.