Zanzibar ko Maldif? Amsa ga angon da ke neman bakin teku na alfarma

Salam ango, Allah ya sanya alheri ya ba da zaman lafiya. Ka ce bayan biki cikin Disamba kana so ka ɗauki amarya ku tafi bakin teku irin wanda ake gani a bidiyo, mai gado da lema ana kawo maka abinci har inda kake kwance, kuma hankalinka ya rabu tsakanin Zanzibar da Maldif, ga shi ita amaryar ba ta fita sai da hijabi. Toh ni dai Zanzibar zan ce maka, amma ka bi ni a hankali don akwai inda Maldif ta yi mata fintinkau, in kuma nan ne damuwarka take to shawarar za ta canza.

Da farko ka san yadda kulob ɗin bakin teku yake aiki, saboda bidiyo ba ya nuna wannan. Wasu kuɗin shiga suke karɓa, wasu kuma za su ce maka shiga kyauta ne amma akwai mafi ƙarancin abin da dole ka kashe a ci da sha, wato ko ruwan kwakwa ɗaya ka sha sai ka cika wannan adadin. Gadon ma hawa-hawa ne, na layin gaba da ke kallon ruwa ya fi na baya tsada, rumfa mai labule ta fi su duka. Za a ba ka tawul, ga wurin ninƙaya, ga banɗaki da shawa, ga weta yana zagayowa. Abin da ba a faɗa wa mutanenmu shi ne yawancin irin wuraren nan cinikinsu a giya yake, da safe shiru kamar ba kowa, da la'asar ta yi sai mai kiɗa ya hau, kwalabe su fito, shigar mutane kuma ka san ta Turawa ce. Wannan ya shafi wuraren biyu duk da cewa dukkansu na Musulmi ne, kar sunan ƙasar Musulmi ya sa ka saki jiki.

A Zanzibar bakin tekun na kowa ne. Kulob yana da iyakarsa inda ya jera gadajensa, amma yashin da ke gaban ruwa kowa na wucewa, masunta, yara 'yan makaranta, 'yan ƙabilar Masai masu sayar da awarwaro, da samarin nan masu tallan yawon kwalekwale da za su yi ta binka kamar ka shiga Kwari 'yan kamasho sun hango baƙo. Wasu wannan yana damunsu, kuma gaskiya in mutum ya zo hutawa yana gajiyarwa, sai dai in ka ce a'a da fara'a sau ɗaya biyu suna ƙyale ka. Amma wannan buɗewar ita ce ta sa na fi son wurin ga irinmu. Amaryarka ba za ta zama bare ba wallahi, matan garin da hijabinsu da mayafinsu suke yawo, kana kwance a Nungwi da ke arewacin tsibirin za ka ji kiran salla daga cikin ƙauyen, ka tashi ka taka da ƙafa ka bi jam'i ka dawo. A gefen masunta kuma ga masassaƙa suna haɗa jiragen katako da hannu, kana jin ƙarar guduma da ƙamshin itace, an daɗe da sanin Nungwi da wannan sana'a.

Inda za ka sauka a tsibirin shi ne maganar da ta fi komai. Arewa, wato Nungwi da Kendwa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota daga filin jirgin Abeid Amani Karume, kuma can ruwa ba ya janyewa da nisa, kusan kowane lokaci za a iya shiga, faɗuwar rana ma a gabanka take yi. Gabas kuma, Paje da Jambiani, ruwan yakan ja baya sosai sau biyu a rana, ka biya kuɗin gado ka zauna sai ka ga teku ta tafi can nesa ta bar maka fili, mata suna aikin ciyawar ruwa da suke nomawa a ciki. Abin kallo ne mai kyau amma ba shi ka je nema ba, ga wata halitta baƙa mai ƙaya da ke kwance tsakanin duwatsu, in an taka ta hutun ranar ya ƙare, don haka takalmin roba na shiga ruwa dole ne. Ni arewa zan ce ku sauka. Sai dai ka duba kalanda, a Kendwa ana yin casun cikar wata kowane wata, kiɗa har dare ya raba, ka tambaya kafin ka kama ɗaki kusa da wurin.

Dabarar da ta yi mana aiki ni da uwargida ita ce sammako. Bayan asuba gari ya ɗan waye muka fita, babu kowa sai ma'aikata suna share yashi suna jera katifu, ta shiga ruwa da rigar wankanta mai rufe jiki har ta gaji ba idon da ke kanta, ruwan garau kana ganin yatsun ƙafarka a ƙasa. Muka karya a nan, muka ci kifi gasasshe da rana, kafin mai kiɗa ya gama haɗa wayoyinsa mun biya mun tashi. Yamma kuma sai a ba wa gari, ku ware kwana ɗaya ko biyu a tsohon birni, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ku ga ƙofofin katako masu sassaƙa, ku je gonar kanumfari da kirfa, da magariba ku zauna a Forodhani inda ake gasa kayan teku a fili. Wannan duk babu irinsa a ɗaya ɓangaren.

Maldif tsarinta daban ne gaba ɗaya. Ƙananan tsibirai ne kusan 1,200 a tekun Indiya, kuma manyan otal ɗin kowanne shi kaɗai ne a tsibirinsa, ba ƙauye ba kasuwa ba mai talla, kulob ɗin da gidan abincin da ɗakin kwanan duk mai shi ɗaya. A nan take cin Zanzibar, maganar sirri. In ka kama ɗakin nan da aka gina a kan ruwa, akwai matakala daga barandarku har cikin teku, wasu da ɗan wurin ninƙayarsu a killace, amarya za ta yi wankanta ba tare da ta jira asuba ba. Ga ango wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma in har shi ne kan gaba a wajenka kuma aljihu zai ɗauka to ka manta da duk abin da na ce ka tafi Maldif. Kifaye masu launi ma a ƙarƙashin ɗakin suke yawo.

Amma fa ka shiga tsibirin ka shiga kenan. Ba inda za ka fita ka ci abinci mai sauƙi, farashin da suka rubuta shi za ka biya, kuma a kansa akwai kashi 10 na hidima, ga harajin yawon buɗe ido da ya koma kashi 17 a Yulin 2025, ga harajin muhalli dala 12 kowane mutum kowane dare a irin waɗannan otal. Sai kuɗin kai ku tsibirin daga filin jirgin Velana, ko da jirgin ruwa mai gudu ko da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, shi kuma wannan da rana kawai yake tashi, in jirginku ya sauka da dare sai kun kwana a Male, babban birnin ƙasar, ko Hulhumale da ke kusa da filin jirgin. Mutane da yawa kuɗin ɗaki kawai suke gani a intanet su yi lissafi, sai a ranar tafiya bil ya fito su riƙe baki. In za ka je ka kama tsarin da abinci yake ciki tun daga gida. Kuma ka sani duk da dokar ƙasar ta hana giya da naman alade a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, an yarje wa otal ɗin baƙi su sayar, don haka a teburin abinci ka riƙa tambaya, haka ma a otal ɗin Turawa na Zanzibar. Akwai hanyar sauƙi, tun 2009 aka ba da damar buɗe masaukin baƙi a tsibiran 'yan ƙasa irin su Maafushi, can ba giya ga masallaci, sai dai ba shi ne alfarmar da ka gani a bidiyo ba.

Maganar takardu kuma a nan Zanzibar take da wahala. Maldif biza kyauta take bayarwa ta kwana 30 a filin jirgi in kana da tikitin dawowa da shaidar kama ɗaki. Zanzibar kuwa yanki ne na ƙasar Tanzaniya, mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar Tanzaniya tun daga gida an tantance shi, ba a ba shi a filin jirgi, kuma tana ɗaukar lokaci, tunda Disamba ka ce to yanzu ya kamata ka fara, kar ka biya kuɗin otal da ba a mayarwa kafin ta fito. Sannan tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorarta ta dala 44 kowane mutum. Katin rigakafin cutar shawara ku riƙe shi ku biyun duk inda za ku. Hanya kuwa daga filin jirgin Malam Aminu Kano, Zanzibar ta Adis Ababa za ka bi kuma ba ka bar Afirka ba, Maldif sai ka bi ta irin su Doha, tafiyar ta fi tsawo tikitin ma ya fi nauyi.

Lokacin da ka zaɓa ya yi daidai a duka biyun, muna cikin hunturu a nan su suna cikin rana, sai dai ƙarshen Disamba shi ne tsadar shekara saboda hutun Turawa, in za ku iya ɗagawa zuwa tsakiyar Janairu za ka ga bambanci. Zanzibar dai a guje mata daga Maris zuwa Mayu, ruwan sama ne mai yawa.

Dala kuma ka canza tun a Wapa, ka ce a ba ka sababbi masu tsafta don tsofaffin bugu ana ƙin karɓarsu a can, kar ka dogara da katin naira kaɗai. Sannan don Allah ango, mu 'yan Kano yawancinmu ba mu iya ruwa ba, kyan ruwan nan yana ruɗar mutum ya yi ta shiga. Duk wani yawon kwalekwale ko kallon kifi da za a kai ku, ku sa rigar ceto kai da ita kafin jirgin ya tashi, in suka ce babu to ku sauka ku nemi wani.