Sharhina kan mai gyaran kofaton da ya shirya min ingarma kafin tantancewa, a Marwa ta ƙasar Kamaru

Salam jama'a. Tun ranar da aka gama tantance ingarmun nan mutane ke ta tambayata wai wa ya gyara wa dokina ƙafa, nawa na biya, kuma da gaske ne ban buga masa takalmin ƙarfe ba. To bari in faɗi komai a wuri ɗaya, mai daɗi da marar daɗi, don wanda zai kira mutumin nan ya san abin da zai tarar. Ba zan sa sunansa ko lambarsa ba tunda ban nemi izininsa ba, dattijo ne maƙeri daga wajen Bogo, mu dai Baba muke ce masa.

Dokin nawa ingarma ne akawal, shekara biyar da 'yan watanni, haƙoransa duk sun gama fitowa. Jinin Dongola ne, irin masu dogayen ƙafafu da hanci mai ɗan lanƙwasa, ƙafafun baya biyu farare har kofato. Na saye shi yana dukushi. Da masu dawaki na garinmu suka ce za su tara ingarmu a duba wanda ya cancanci a riƙa kai masa goɗiyoyi barbara, da likitan dabbobi da wasu dattawa da suka daɗe a bargar Lamido, sai na ce nawa ma zai shiga, don wallahi ina da yaƙini a kan jikinsa. Ƙafarsa ce kawai ke damuna. Lokacin ƙarshen damina ne, watan Satumba, kofatan gaba sun yi tsawo sun baje kamar faranti, gefe ɗaya ya tsage ya hau sama kusan rabin ɗan yatsa, in ka ɗaga ƙafar kuma wani wari ne ke bugunka.

Wani abokina da ke zuwa Najeriya kallon folo ya ce in nemo mai buga ƙarfe kawai a rufe tsagar a huta. Na kusa yarda. Abin da ya tsayar da ni shi ne a nan wajenmu wa zai cire ya sake bugawa duk bayan sati shida? Ƙarfe in ya zauna kofato na ci gaba da tsiro a ƙarƙashinsa, kuma ramukan ƙusa a kofaton da dama ya tsage ban ga alherinsu ba. Dawakin kakanninmu da suka yi ta hawa daga nan har Mindif da Mora ƙafarsu a sake take. Sai aka ba ni labarin Baba.

Ranar farko ya zo a bayan moto, wato babur, da wata tsohuwar jaka, ciki awartaki ne, wuƙa mai lanƙwasashen baki, magagari babba guda biyu da ɗan ƙugiyar sakace ƙasa. Bai taɓa dokin ba sai da ya sa yaron barga ya ja shi ya je ya dawo sau uku a kan tsandauri, shi yana tsugune yana kallon yadda ƙafar ke sauka. Sannan ya zagaya wajen turke ya tona ƙasar da ƙafarsa, ya dube ni ya ce, Alhaji ciwon dokinka a nan yake kwance, ba a ƙafa ba. Ƙasar jagab take da fitsari da kashi, doki na tsaye a kai dare da rana. Shi ya sa tsokar nan mai kusurwa uku da ke tsakiyar tafin kofato ta fara ruɓewa tana fitar da baƙin abu mai wari. Na ji nauyin maganar sosai don gaskiya ce, mun fi kula da wankan doki da tsefe gezarsa a kan inda yake taka.

Na tambaye shi ko zai iya gyara tsagar kafin Fabrairu, watan da za a yi tantancewar. Ya ce Alhaji kofato ba ya warkewa, tsirowa yake, kamar farce. Daga sama wajen gashi yake saukowa, kusan santimita ɗaya a wata in doki na cin abinci mai kyau, kuma kafin sabo ya sauko tun daga sama har ƙasa a gaban kofato sai an yi wata tara zuwa shekara. Tsagata tunda daga ƙasa ta faro ba ta kai sama ba, za ta fita da yanka a hankali in an hana ta ci gaba. Da a ce saura sati biyu na kira shi, ya ce da bai karɓi aikin ba. Wannan maganar ita ta sa na amince da shi, don na saba da masu cewa an gama tun kafin su duba.

Yadda yake aikin ya bambanta da abin da na saba gani, inda ake ɗora ƙafar doki a kan itace a sare da adda ko kurfi a wuce. Shi sai ya sakace tafin tsaf, ya nuna min wani siririn layi mai haske da ke zagaye tsakanin bangon kofato da tafin, ya ce in bango ya yi tsawo ya baje, wannan layin ne ke buɗewa tsakuwa ta shige ta yi ƙurji a ciki, doki ya wayi gari yana ɗingishi a ce sammu ne. Ya rage tsawon da awartaki kaɗan kaɗan, ya bi da magagari, ya daidaita dugadugan biyu su zo ɗaya, sannan ya goge bakin kofaton duk zagaye ya yi masa kamar bakin ƙwarya, ba kaifi, don kar ya riƙa ɓarewa in ya taka dutse. Tafin kuwa kusan bai taɓa shi ba sai mataccen da ke ɓarewa da kansa. Ya ce shi ne takalmin da Allah ya yi masa, in ka fere shi don ya yi kyau a ido ka cire masa takalmi ke nan. Ƙafa huɗu sun ci masa fiye da awa ɗaya saboda ingarman bai saba a riƙe masa ƙafar baya ba, ya yi ta fizga, Baba bai doke shi ko sau ɗaya ba, sai ya sake ya jira ya sake ɗagawa.

Ya bar mana aikin gida mai yawa, kuma gaskiya rabin sakamakon daga nan ya fito. Aka kwashe ƙasar turke aka zuba yashin kogi mai tsabta, ana kwashe kashi safe da yamma. Kullum yaro ya ɗaga ƙafa huɗu ya sakace, wajen da ya ruɓe a wanke a sa Bétadine, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta a ciwo. Ya hana mu shafa baƙin man mota a kofato, abin da kusan kowa ke yi a nan don ya yi ƙyalli ranar fantaziya, wato bikin hawan dawaki, ya ce ƙyallin banza ne, lalata kofato yake. Ya kuma ce in rage dawa. Ni a tunanina ingarman da za a kai gaban alƙalai sai ya cika ya yi ɓul-ɓul, ina ba shi dawa ba awo. Baba ya nuna min wasu zobba zobba da ke kwance a jikin kofaton, ya ce kowane ɗaya labarin wani canji ne, ko zazzaɓi ko abinci, kuma hatsi in ya yi yawa yana sa zafi ya sauka ƙafa har doki ya kasa taka ta gaba, wadda ita ce ke ɗauke da mafi yawan nauyinsa. Muka koma harawar wake da ta gyaɗa da ciyawa mai yawa, dusa da ɗan kanwa, dawa kuma da awo.

Sai tafiya. Wannan ne ya fi ba ni wahala amma shi ya fi burge ni. Satin farko cikin yashin kogin Mayo Kaliao kawai, da ruwa ya janye, tafiya a hankali da sassarfa kaɗan. Bayan sati uku muka fara haɗawa da hanyar jan ƙasa. Daga baya muka riƙa bi ta gefen karal inda ake shuka masakwa, ƙasar nan baƙa da ke bushewa ta tsattsage ta yi tauri kamar siminti, sannan can ƙarshe tsakuwar gindin dutse, minti goma, sha biyar, ana ƙarawa. Ya ce ƙafar da ba ta san tsakuwa ba ranar da ta gamu da ita a gaban mutane za ta tona maka asiri. Da idona na ga tafin ya yi kauri ya ɗan shige ciki kamar cokali, tsokar tsakiyar nan da ta ruɓe ta cika ta yi faɗi ta yi tauri kamar roba. Da hunturu ya shigo iska ta busar da komai sai ya ce a riƙa jiƙa ƙasar wajen da yake shan ruwa, ya tsaya a kai na ɗan lokaci kullum, shi ke nan, ba wani mai ba wani magani.

Akwai maganar da ake yi cewa farin kofato ba shi da ƙarfi. Na tambaye shi saboda na baya biyun farare ne. Ya ce shi a shekarunsa bai ga haka ba, farin dai ya fi nuna tabo da jini in ya kwanta. A dokina ma baƙaƙen na gaba su suka tsage, fararen lafiya lau.

Yanzu abin da ban ji daɗinsa ba, don ba zan ɓoye ba. Na ɗaya Baba ba ya riƙe alƙawarin lokaci. Zai ce Litinin da safe in ya shigo kasuwa, ka zauna jira har azahar, ka kira waya a kashe, sai Laraba ka gan shi. Sau biyu hakan ta faru cikin zuwa huɗu, ni kuma ina da shago, ba kullum zan bar shi ba. Na biyu, a zuwa na biyu ya rage ƙafar dama ta gaba fiye da kima wajen ƙoƙarin cinye tsagar, dokin ya yi kwana huɗu yana taka tsakuwa da tsoro yana neman gefen yashi. Raina ya ɓaci sosai ranar. Da na faɗa masa bai yi musu ba, ya ce hannunsa ya zarce, ya dawo ya duba bai karɓi ko sisi ba har kuɗin moto, amma dai kwana huɗun nan mun rasa su a horo. Na uku kuɗi, sefa dubu biyar kowane zuwa ban da kuɗin hanya, ga wanda ke da doki uku ko huɗu abin zai yi nauyi. Kuma ba ya bayani sai ka tambaya, in ka yi shiru zai gama ya tafi ba ka koyi komai ba.

Yankan ƙarshe ya yi shi saura kwana goma sha takwas. Na so ya dawo ana gobe ya ƙara gogewa ya ƙi, ya ce sabon yanka ba ya zuwa gaban alƙali, ko kaɗan ƙafar ta ji zafi za a gani a sassarfa. Cikin kwanakin nan muka mai da hankali kan ladabi, don ingarma ne, in ya ji ƙamshin goɗiya hankalinsa tashi yake. Muka riƙa tsayar da shi da ragama nesa da goɗiyar maƙwabcina ana matsowa kullum, ana koya masa tsayuwa ƙafa huɗu a daidai, da gudu a gefen mutum ba tare da ya ja shi ko ya yi tsaye da ƙafar baya ba, da barin baƙo ya ɗaga masa ƙafa ya buɗe masa baki.

Ranar tantancewa dawaki sun zo da dama, har da gajerun nan na ƙabilar Musai daga wajen Yagwa da bakin Logon, su aka duba su daban. Aka auna tsayi, aka duba haƙora da idanu da 'ya'yan maraina da takardar rigakafi, sannan aka sa kowa ya ja dokinsa a kan ƙasa mai tauri, tafiya sannan sassarfa, ya je ya dawo. Likitan ya ce a Jamus ma haka suke wa matasan ingarmu kafin a ba su izinin barbara, sai an gudanar da su a kan daɓe mai tauri, don yashi na ɓoye ɗingishi. Na ga dawaki biyu kyawawa, sun fi nawa cika, da aka yanke musu kofato a satin, suna taka ƙasar kamar garwashi, aka ce su dawo wani karo. Zuciyata ta yi ta bugawa da aka zo kanmu. Akawal ya wuce ƙaf ƙaf ƙaf, sautin huɗun daidai, wani dattijo ya ɗaga ƙafar dama ya daɗe yana kallo, ya shafa inda tsagar take, saura ɗan tabo kamar ƙwayar shinkafa a baki, ya ajiye bai ce komai ba.

An karɓe shi. Ba shi ya zo na ɗaya ba, wani kili ne ya fi shi faɗin ƙirji da kyan kuturi, kuma an rubuta masa cewa ƙafar hagu ta gaba tana ɗan juyawa waje, abin da Baba ya faɗa min tun ranar farko cewa halittarsa ce daga ƙashi, magagari ba ya gyara ta a doki mai shekara biyar, kuma in aka tilasta gaɓar ce za ta biya.

Wanda zai kira shi ya kira da saura wata huɗu ko biyar, ya shirya canza ƙasar turkensa, ya kuma sa ran jira in an yi alƙawari. Ni na riga na ce masa ya ci gaba da zuwa duk sati biyar zuwa shida, har goɗiyar ƙanina na haɗa masa, ita ma dugaduganta sun fara matsewa.