Maganin ciwon sukari mai haɗi biyu: wanne ya dace da jikinka?

Idan metformin shi kaɗai ya kasa riƙe sukarin mai ciwon sukari nau'i na biyu, likita yakan ƙara masa wani magani. Don rage wahalar haɗiya, kamfanoni sun cura biyun a ƙwaya ɗaya. Shi ya sa kake ganin lamba biyu a jikin kwali, kamar 50/1000 ko 500/5. Babbar lambar ta metformin ce, ƙaramar kuwa ta abokin haɗinsa. Wannan abokin haɗin shi ne abin dubawa, domin a nan bambancin yake.

Mafi araha shi ne mai glibenclamide, irin su Glucovance. Yana sauke sukari sosai, amma ta hanyar matsa wa jiki ya fitar da insulin, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Na ga illar haka da idona. Wata gwaggona ta sha nata da sahur, kafin la'asar muka tarar da ita zaune a bakin tabarma, gumi ya jiƙe mata ɗankwali, hannu na karkarwa, magana ba ta fita daidai. Da aka gwada, sukarin ya yi ƙasa da 70, wato ya faɗi fiye da kima. Sai da aka jiƙa sukari a ruwa aka ba ta, sannan ta dawo hayyacinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta nuna glibenclamide bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Mai glimepiride, kamar Amaryl M, ya ɗan fi shi sauƙi, sai dai danginsu ɗaya, kuma dukansu suna ƙara ƙiba. A ganina dattijo, da mai matsalar ƙoda, da wanda aiki ke sa shi tsallake abincin rana, su yi nesa da wannan dangi in da hali.

Janumet mai sitagliptin da Galvus Met mai vildagliptin sun fi natsuwa. Aikinsu yana tashi ne lokacin da sukari ya hau bayan cin abinci, don haka ba kasafai suke faɗar da shi ba, ba sa kuma sa ƙiba. Matsalarsu tsada, ko da yake yanzu akwai na wasu kamfanoni masu sauƙin kuɗi. Mai shan vildagliptin ana so a riƙa duba masa hanta. Ciwon ciki mai tsanani da ke sokawa har baya kuwa, a tsayar da maganin a tafi asibiti.

Sai Synjardy mai empagliflozin da Xigduo XR mai dapagliflozin, waɗanda ke zubar da sukari ta fitsari. Suna rage nauyi kaɗan, kuma su ne suka fi amfanar mai raunin zuciya ko wanda ƙodarsa ta fara taɓuwa. Tun 2015 wani babban bincike ya nuna empagliflozin yana rage mutuwa ta ciwon zuciya ga masu sukari da ke da cutar zuciya. Amma fitsari mai sukari yana jawo ƙaiƙayin gaba, musamman ga mata, kuma yawan fitsarin yana busar da jiki. Wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san wannan ba abin wasa ba ne. Ranar amai da gudawa a dakata da shi a nemi likita, domin yana iya gurɓata jini alhali na'urar gwaji tana nuna sukari bai hau sosai ba.

Mai pioglitazone yana tara ruwa a jiki, ƙafa ta kumbura. Mai raunin zuciya kada ya taɓa shi.

Shi kansa metformin yana da sharuɗɗa. A sha shi da abinci don gudun tashin zuciya da gudawa. Idan gwajin ƙoda na eGFR ya gaza 30, an hana shi. Shekaru ana sha kuma yakan rage bitamin B12. Ƙwayar da aka rubuta wa XR, wato mai sakin magani a hankali, ba a raba ta, ba a tauna ta. Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne mutum ya karɓi sabon haɗin, ya ci gaba da shan tsohon Glucophage ɗinsa, bai san metformin yake ninkawa ba.

Kafin likita ya rubuta, gaya masa gaskiyar aljihunka. Lissafa kuɗin wata guda, ba na kati ɗaya ba, domin wani lokaci sayen biyun daban-daban ya fi sauƙi. A kantin magani mai rajista za ka saya, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar. Bayan wata uku ka koma a yi maka gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarinka na watannin baya, ka tafi da kwalin a hannu.